Kamun Yatsu Biyu

"Ba haka take ba," in ji Merewalesi. "Sake."

Eparama ya goge gumin tafinsa a zanin da mazan ƙasarsu ke ɗaurawa, ya sake. Yana zaune bisa tabarma da jitar maƙwabcinsa Sakiusa a cinya, mai jitar kuwa na kwance a gabansa, numfashi na fita da ƙyar. Tun safe ma'aikaciyar jinya ta ce a kira dangi. Abu ɗaya tsohon ya roƙa kafin bakinsa ya rufe: waƙar da ya yi wa matarsa Merewalesi tun suna yankan rake a Lautoka.

Wannan waƙa kuwa, Eparama ya sha jin ta ta bangon kwano har ta gundure shi. In an zauna shan kava ma, jiƙon saiwar nan da maza ke sha a ƙoƙo, sai ita. Ya san ta kamar yunwar cikinsa. Amma da ya iso gaɓar da murya ke sauka, ya shimfiɗa manuniya a kan tsirkiyoyi ya yi kamun da ake kira Bi-maina, yadda kowane makaɗi zai yi, sai goshin tsohon ya tattare, ya juyar da kai bango.

"Gwaggo, nan wurin ba shi da wani kamu sai wannan."

"Kai da kake cika mana kunne a coci duk Lahadi, waƙar tsoho ɗaya ta gagare ka?" Zolaya ta so yi, muryar ta ƙi. "Ni ban san sunan kamu ba. Na dai san in ya zo nan, lafawa take yi."

Ya gwada wani kamun, abin ya ƙara lalacewa. A waje ya ji matan unguwa suna sauke tabarmin jana'iza a hankali, wai don kar a ji. Tsoro ya kama shi sosai. Tsakanin numfashi da numfashi sai ƙara nisa yake yi. Mutumin nan zai tafi ke nan da waƙarsa a karkace, kuma a hannunsa?

"Baba Sakiusa," ya ce, "taimake ni mana."

Hannun hagun tsohon ne kawai ke motsi a kan bargo. Eparama ya zuba masa ido. Manuniya babu, adda ta cinye ta a gonar rake tun kafin a haifi Eparama. Sau nawa ya miƙa wa hannun nan ƙoƙon kava, amma bai taɓa kallonsa a wuyan jita ba, yana can yana tsiyar waƙar. Ga yatsan tsakiya da na kusa da shi sun lanƙwashe gefe da gefe, suna danna bargon.

Ya naɗe manuniyarsa, ya ɗora yatsu biyu kamar yadda ya gani. I-maina ce, kamun 'yan koyo. Ya ɗauko waƙar daga farko, da ya iso gaɓar ya danna. Sautin ya sauka ƙasa, ya lafa.

Goshin tsohon ya saki. Merewalesi ta kama baitin, Eparama na biye da ita, bai yarda ya ɗaga kai ba har suka kai ƙarshe.

Da ya ɗaga, bargon ya daina hawa da sauka. Yatsun biyu na nan a lanƙwashe. Merewalesi ta matso, ta zura wuyan hannunta a ƙarƙashinsu.