Lambun Baba a Tsohuwar Waya

Ni na ce a yanke masu tsofaffin wayoyi. Gara in faɗa tun yanzu, kada a ɗora wa Oga mai kamfani laifi.

Kamfaninmu na wasanni ya fara ne a ɗaki ɗaya, mu huɗu da fanka mai ƙara. Wasan lambu muka yi na kwamfuta: ka shuka, ka yi ban-ruwa, ka girbe. Da muka mayar da shi waya sai ya karɓu, har muka koma bene mai hawa uku, kowa da kujera mai juyawa. Aka ba ni shugabancin sashen waya, kaina ya kumbura.

Ranar da za mu saki sabon salon wasan, Dogo mai gwaji ya ɗaga hannu. "Tsofaffin wayoyi ba za su ɗauka ba, lambunsu zai goge. Mutum ɗari uku da sha ɗaya ne."

"Cikin miliyan biyu?" na ce. "Dogo, gidan tarihi muka buɗe? Su sayi sabuwa mana."

Aka yi dariya, na ji daɗin kaina.

Muka saki wasan. Ran Asabar na je gida. Baba tela ne, amma tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya bar keke. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsu, shi ne na saka masa wasan shekara biyu da suka wuce, a wayar da na gaji da ita. Wallahi na manta sarai.

Na same shi a kujerarsa bakin taga, wayar a cinya, gilashinta a tsage, an ɗaure ta da roba.

"Injiniya, zo ki duba mini. Lambuna ya ɓace."

Na karɓa. Fili wayam, ko tsiro babu.

"Ban taɓa tsallake ban-ruwa ba," ya ce. "Da yatsa ɗaya na fara, yanzu uku ke aiki. Ina faɗa wa maƙwabta lambun 'yata nake gadi."

Babu hanyar dawo da shi, don Dogo ya roƙe ni a ajiye kwafin lambunan, na ce ɓata wuri ne.

Baba ya ɗaga hannunsa mai rawa yana hararar sa. "Wannan ne ya danna inda bai kamata ba. Kada ki faɗa a ofis, a ce ubanki ya ɓata muku aiki."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa gabansa.

"Baba, ba hannunka ba ne. Ni ce."

"To ai ba ki sani ba."

"Na sani. An faɗa mini, har da yawanku. Ɗari uku da sha ɗaya."

Ya daɗe yana murza robar wayar da yatsun nan uku.

"Ni dai kin zo kin faɗa mini," ya ce. "Sauran ɗari uku da goman fa? Har yanzu hannunsu suke zargi?"