Faifan da Malam Goni Ya Buɗe

"Kada ka cire shi," in ji Malam Goni daga kan katifa. "Kasa kunne. Ka ji yana juyawa? To, faifan lafiyarsa ƙalau."

Na kasa kunne. Ƙaramin injin karanta faifai da muka jona wa laftof ɗinsa yana ta gurnani, amma allo ya nace cewa babu komai a ciki.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a unguwar Nukkai. Ya koyar da kwamfuta har ya yi ritaya, sannan ciwon hanta ya kwantar da shi. A makon nan asibiti suka sallamo shi, kuma duk layinmu mun san me sallamar take nufi.

Faifan nawa ne. Tun ina saurayi wasu masu bincike suka je ƙauyenmu suka naɗi waƙoƙin ƙabilarmu ta Mumuye, har da muryar mahaifiyata. Ta rasu kafin a haifi 'yata Cynthia, wadda za a yi bikinta ranar Asabar, kuma na so ta ji kakarta. Sai dai faifan ba ya buɗuwa sai a tsohuwar manhajar Windos. Dubiya kawai na shiga yi wa Malam Goni, maganar ta suɓuce mini. Nan take ya ce in je in ɗauko.

"Malam, mu bar wannan abu," na ce. "Jikinka babu ƙarfi."

"Tobias, bakina yana da ƙarfi. Kai ne hannuna yau."

Ya riga ya yi mini bayani: a cikin laftof ɗin akwai wata kwamfuta ta manhaja, mai ɗauke da tsohuwar Windos. Babbar ita ce mai gida, ta cikin kuwa baƙuwa. Mai gida tana ganin faifan, baƙuwar ce ba ta gani.

Ya sa na kashe baƙuwar, na shiga saiti, na nuna mata injin, na sake kunnawa. Sunan faifan ya fito. Na yi ihu. Da na danna, sai ta ce a saka faifai na asali.

Matarsa Furera ta shigo da kofin kunu. "Baban Cynthia, don Allah ku tausaya masa. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba."

Na miƙe zan naɗe wayar injin.

"Zauna," ya ce. Ya juya wajenta. "Furera, wata nawa ke nan, kowa ya shigo ɗakin nan sai ya ce mini sannu. Yau an zo mini da aiki. Ki bar ni."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ajiye kofin, ta gyara masa filo, ta zauna a bakin katifar.

Ya rufe ido ya daɗe, har na tsorata. Gumi ya tsatso a goshinsa. Can leɓunansa suka motsa.

"Mai gidan ce ke karantawa tana miƙa mata. Shi kuma faifan nan ba ya yarda da ɗan aike. Ka cire injin daga hannun mai gida, ka ba baƙuwar shi kacokan ta kebul. Duba ƙasan allo, akwai 'yar alamar filogi."

Na lalube ta da ƙyar, yana gyara mini a hankali, ko sau ɗaya bai ƙosa ba. Na danna. Injin ya yi tsit, ya sake tashi. Wani koren shafi ya buɗe da sunayen mawaƙa, ga sunan mahaifiyata a ciki.

Na danna shi. Ta fara da tari, sannan dariya, sannan waƙar. Na manta tana da wannan tarin. Na dafe bakina.

"Me take cewa?" Malam Goni ya tambaya.

"Waƙar raka amarya ce. Tana cewa a tafi da ita a hankali, hanya akwai duwatsu."

"Madalla. Kwafe ta a wayarka yanzu, kada ka jira gobe. Kira yarinyar ta zo ta ji."

Cynthia ta zo, ta durƙusa ta saurara har ƙarshe. "Baba Goni, na gode," ta ce tana share ido. Ya ɗaga mata yatsu biyu. Bayan haka ya karɓi kunun, ya sha kusan rabi.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Na bi masu jana'iza har maƙabarta, na tsaya daga baya lokacin salla, da aka zo rufewa na karɓi shebur. Na so mu ɗaga bikin, Furera ta aiko cewa ya bar wasiyya kada a ɗaga. Muka yi shi ba kiɗa a layi, a coci kawai aka sa waƙar.

Da muka dawo da la'asar, na tarar Furera ta wanke zanin gadonsa ta shanya a kan katangarmu. Rabi ya sauko ta ɓangarena, ruwa yana ɗiga a kan ƙasa.