Garayar Baba Gambo a Gwanjo

Zakari yana da doka ɗaya a sana'arsa, kuma ba ya wasa da ita: duk mai sayen da ba shi da tauraro, a toshe shi. A ɗan butik ɗinsa na unguwar Zariya yake wuni, yana ɗaukar hoton tsofaffin kaya, su tasar tagulla da akushi da takobi, ya ɗora a shafin gwanjo na intanet, Turawa masu tara kayan da su yi ta tayi. Wanda ya saba saye yana biya, shafin kan ba shi taurari. Sababbin shiga kuwa, kai! Zakari ya sha wuyarsu. Su haye tayin kowa, a sallama musu, sai a neme su a rasa.

To, cikin kayan da ya ɗora a wannan karon akwai garayar ubansa.

Baba Gambo makaɗin bori ne a Tsibiri, tun kafin a haifi Zakari. Da ciwo ya kwantar da shi, sai babban ɗansa Lawali ya tashi haiƙan, wai kayan shirka ba za su ƙara kwana a gidan ba, ƙone garayar za a yi. Zakari ya ce a ba shi, shi zai ƙone ta. Ya dawo ya rantse gaban tsohon cewa ta zama toka. Ƙarya yake, wallahi. Tana bayan kantarsa cikin buhu, fatar gadar da ke jikinta ta yi baƙi saboda gumin hannun ubansa.

Tun ranar tsohon bai ƙara cin abincin kirki ba. Duk zuwan da Zakari zai yi sai ya iske shi kwance, yatsunsa na motsi a kan ƙirjinsa, yana kiɗan da ba mai ji. Abin na cin Zakari, ba ƙarya. Amma ya maido ta ya ce mene? Ya zama maƙaryaci gaban uba, ya zama munafuki gaban wansa? Gara ta ƙetare teku, maganar ta mutu.

Gwanjon na tafiya lafiya lau, wani Bature tsohon kwastoma yana gaba, sai ga wani tayi ya faɗo ya haye nasa. Zakari ya duba. Suna na banza, haruffa da lambobi, ba hoto, ba tauraro ko na magani. Har da ɗan saƙo: "Muna Jiratawa. Ba sai an aiko ba, za mu turo a amsa."

Ya yi tsaki. Jiratawa! Masu noman zogale da tattasai ne za su yi gogayya da Bature? Ai wannan alamar ɗan damfara ce ƙarara, sabo fil, kuma yana son a yi cinikin a bayan shafi. Haka ya gaya wa kansa. Amma gaskiyar ita ce tsoro yake ji, don Jiratawa ba nisa, kuma can yayarsa Balkisu take aure. Garayar nan in ta shiga garin, kafin a ce me labari ya kai Tsibiri. Dokarsa ta zo masa daidai wuya. Ya soke tayin, ya toshe mai shi, Bature ya ci. Ko rana ba ta yi sanyi ba ya naɗe garayar, ya kai wa masu jigilar kaya, ya dawo yana jin kamar an sauke masa dutse.

Ba a daɗe ba aka kira shi da hantsi: jikin Baba ya yi tsanani. Ya hau motonsa mai ƙafa biyu ya nufi Tsibiri. A bakin rumbu Balkisu ta tare shi, ƙafafunta da taɓon fadama, ko wankewa ba ta tsaya yi ba. Ta leƙa bayan moton, ta dubi hannuwansa.

"Ina take?"

"Mi, Yaya?"

"Haba Zakari, bar wannan. Garayar. Mu ne na Jiratawa." Ta rage murya. "Ɗana Sha'ibu ya gan ta a wayarsa ta portabul, na gane ta tun daga kuɗin wurin da ke wuyanta. Shi ya buɗe mana suna a shafin. Tayinmu ne a sama, mun gani da idonmu, muna ta jiran ka sallama."

Da ƙyar Zakari ya ce, "Don mi ba ki kira ni ba?"

"In kira ka in ce ka yi wa Baba rantsuwar ƙarya? Ni na goye ka, ba ni son ganin kunyarka. Na ce in saye ta kamar baƙuwa, in ce a wurin wani dillali na tsince ta, kowa ya rufa wa kowa asiri. Amma yanzu ba lokacin wannan. Koma ka ɗauko ta, Lawali ya yi abin da zai yi."

Ba su ma san an toshe su ba. Ina za su sani? Mutanen da ba su taɓa sayen ko allura a shafin ba.

"Ta tahi," in ji shi.

"Ina?"

"Ƙasar waje. Na soke tayinku. Ba ku da tauraro."

Balkisu ta dube shi. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai ta zauna a kan turmi, ta dafe kai. "Na riga na hwaɗa mishi," ta ce. "Na ce ba a ƙone ta ba, tana hanya. Jiya har kunu ya sha."

Daga cikin ɗaki muryar tsohon ta fito, siririya, amma da fara'ar da Zakari ya manta yana da ita.

"Zakari ne? Shigo da ita, ɗana. Ba ni hushi. Shigo da ita."

Zakari ya ɗaga asabari ya shiga. An jingina Baba Gambo da bango, an sa masa tsohuwar hularsa ta wasa. Idonsa ba ya gani sosai yanzu, shi ya sa bai lura ba kome a hannun Zakari ba. Ya miƙo hannuwansa biyu, a buɗe, yana jira.