Sai An Yanke Ƙyalle

Gidanmu yana kallon Cibiyar Matasa, titi ne kawai a tsakani. Ina ganiyar samartaka aka gina ta, aka shigo da injinan kafinta cikin leda, sannan aka garƙame ƙofa da kwaɗo. Wai ba a taɓa kayan gwamnati sai babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle. Babban baƙon nan kuwa Allah ya yi shi da yawan uzuri.

Ni aka zaɓa in yi jawabi a madadin matasa ranar buɗewa, shi ya sa har yau unguwa ke kirana Wakili. Jami'in da ke kula da mu ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ne na farko a kan injin yankan katako. Amma fa duk wanda aka zo buɗewa ba ya nan, ya rasa gurbinsa. Kada ka yi nisa."

Ban yi nisa ba. Abokina Dogo zai tafi wani gari koyon aiki, ya yi juyin duniya in bi shi, na ƙi. Na ce masa, wa zai bar inji mai lantarki ya je yana jan zarto da hannu kamar mutanen da?

"To Wakili," in ji shi, "a gaida babban baƙo."

Ga yadda ake yi. Sanarwa za ta zo cewa mako mai zuwa za a buɗe. Sai a tara mu, mu share harabar, mu nome ciyawa, mu shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a jera mu a koya mana inda za mu tafa. Ni kuma in tsaya gaban kujerun da babu kowa a kai in rattaba jawabina. Ana gobe sai a ce an ɗaga. Maigadi ya kwance ƙyallen ya naɗe, Inna ta mayar da farar rigata akwati.

Aikin dindindin ban taɓa karɓa ba, kada ranar ta zo ina hannun wani. Yau dako, gobe kwaɓa siminti. In na taso sai in tsallaka titi in leƙa ta taga. Injina yana nan a kusurwa, ƙura ta lulluɓe ledar, gizo-gizo ya yi gida a kan maɓallin. Gizo-gizon ma ya riga ni cin moriyarsa.

Wallahi na sha jin haushi. Amma duk sanda na ce zan tafi, sai zuciyata ta ce, shekarun da ka riga ka zuba fa? In ka tafi yau aka buɗe gobe? Sai in koma in zauna jiran gawon shanu.

Dogo ya dawo da tumbi da shagonsa na kujeru. Ya ce in zo ya koya mini, ba a tsufa da koyo. Inna ta sa baki.

"Ɗan nan, ka bi abokinka. Ginin nan ba zai aura maka mata ba."

"Inna, an ce wannan karon da gaske ne."

Kuma da gasken ne. Na ji jiniya, na ga rumfuna. Farar rigar ta ɗan matse ni a hammata, na dai cusa kaina. Na tsallaka titi ina maimaita jawabin a baki, na shiga layin matasa, na tsaya a gaba inda aka saba tsayar da ni.

Tsohon jami'inmu ya yi ritaya tuni. Wata sabuwar jami'a ce ke jera mutane don ɗaukar hoto. Ta dube ni, ta dubi gemuna, ta ɗan rusuna da ladabi.

"Baba, iyaye a waccan rumfar suke zama."

"Ni ne Wakili," na ce.

"Wakilin wa, Baba?"

Na waiga in nemo wanda zai shaide ni. Duk layin babu sa'ana ko ɗaya. Yaran da nake kora daga harabar in muna shara ne suka zama samari, suna kallona suna jira in matsa.

Na zauna cikin iyaye. Wani dattijo ya matsa mini kujera, ya tambaye ni wanne ne nawa a cikin yaran. Ɗan Dogo ne ya yi jawabin, ya kuma yi ƙoƙari. Da aka yanke ƙyallen na tafa daidai inda aka koya mana.

Na so a ce injin ya yi tsatsa, ban ɓoye muku ba. Bai yi ba. Lafiya lau yake aiki, kullum da safe ina jin ƙararsa daga ɗakina.