Wanda Ya Shiga da Sunana

Zazzaɓin ya kada ni ne bayan azahar, ina zaune a ɗakin kwamfuta na kwalejinmu. Ranar Laraba da la’asar an sauya makin ɗalibai goma sha ɗaya a babbar kwamfutar da nake kula da ita, shugaban makaranta kuma ya ce yau yake son sunan wanda ya yi. Mu biyu ne kaɗai muke da izinin shiga, ni da abokin aikina Malam Ashiru, wanda kwana biyu ke nan ba ya yarda mu haɗa ido. Na haɗiyi magani, na kifa kai a kan tebur, baƙin allon da muke rubuta umarni yana ta ƙifta mini ido.

Sai na gan ni a tsaye cikin allon. Baƙar ƙasa ce shimfiɗe, ba rana ba inuwa, ga ɗakuna jere, kowane ɗaki da wani ɗakin a cikinsa. A bakin ƙofar farko wata tsohuwa tana zaune, yatsunta dogaye kamar kara.

“Sunana ls,” in ji ta, sunan ɗaya daga cikin umarnin da muke rubutawa a allon. “Abin da ke ɗaki nake kira.”

Ta shiga kiran sunaye, takardu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa. Da ta gama na ce, “Su ke nan, Iya?”

“Waɗanda kika tambaya ke nan. Masu ɗigo a goshi ba sa fitowa sai an ce duka.”

Na ce duka. Tabarmar da take kai ta motsa, ɓoyayyun suka rarrafo, suna kare fuska da hannu. Ban ji daɗin yadda tsohuwar take kallona ba. Ta nuna mini gabas da haɓa.

Ban yi taku uku ba ƙasar ta narke ta zama kogi. Ba ruwa ne a ciki ba, rubutu ne, layi bayan layi, na duk wanda ya taɓa shiga kwamfutar da lokacin shigarsa. Wata mata tana tsaye a tsakiya, rubutun ya kai mata ƙugu, riƙe da rariya.

“Ni ce grep. Ba ni kalma ɗaya.”

“Ashiru,” na ce da sauri.

Ta tsoma rariyar, ta girgiza. Layuka ƙalilan suka rage, duk na safiya ne, farare tas.

“Wata kalmar?”

Sai ta faɗa da kanta, “Zuwaira.” Sunana. Rariyar ta yi nauyi, layi ɗaya a ciki yana ci kamar garwashi: Laraba, ƙarfe huɗu da kwata.

“Ƙarya ne! Ina sallar la’asar a lokacin.”

“Ni tacewa ce aikina. Tambayi mai ƙofa.”

Kogin ya miƙe tsaye ya zama ganuwa. A gindinta ga wani ƙato da ake kira sudo, mabuɗai rataye a wuyansa, ba shi da idanu ko ɗaya.

“Wa ka buɗe wa ranar Laraba?”

“Ke.”

“Ba ni ba ce.”

“Ba fuska nake gani ba, kalmar sirri nake ji. An faɗe ta daidai.” Ya sunkuyo ya shinshina mayafina. “Hannun ma irin wannan turaren yake yi.”

Ranar Laraba maigidana Sirajo, mai gyaran kwamfuta a kasuwa, ya zo ɗaukata da wuri. A kujerata na bar shi na tafi alwala.

Wani siriri ya ɓullo daga bayan ganuwar yana jan buhu wanda ba shi da gindi. Ba sai an gaya mini ba, rm ne, umarnin da ke shafe abu.

“Miƙo mini layin nan,” ya raɗa mini. “Abin da ya shiga buhuna ba ya dawowa. Sai a ce Ashiru ne.”

Sai ga layin a tafin hannuna yana ƙona ni. Na tuna ’ya’yan Malam Ashiru huɗu. Na tuna Sirajo yana dariya, yana tambayata ko har yanzu sunan mahaifiyata ne kalmar sirrina. Bakin buhun ya yi ta faɗi, hannuna yana sauka ba da izinina ba.

Caraf aka riƙe mini wuyan hannu.

Na farka jiƙe da gumi. Malam Ashiru ne tsaye a kaina, riƙe da wuyan hannuna. A allon an rubuta sudo rm da sunan kundin masu shiga, wato a shafe shi, saura kawai a danna, yatsana kuwa yana kan maɓallin.

“Malama Zuwaira,” ya ce a hankali, “ke kika rubuta wannan?”

Na dubi ɗaya hannun nasa, yana dafe da gefen tebur, dab da maɓallan. Ni ma abin da zan tambaye shi ke nan.