Kwamfutar Malam Rabi'u

Shekara uku ke nan Zinatu tana aiki a ofishin Jega na wata ƙungiya mai tallafa wa manoman albasa. Shigar da rahotanni aka ɗauke ta yi, amma da yake ta yi karatu a jami'ar Aliero kuma ba ta tsoron taɓa na'ura, duk abin da ya lalace sai a ce a kira Zinatu. Saboda haka da masu ba ƙungiyar tallafi suka ce daga yanzu kowane rahoto a riƙa ajiye shi a ma'ajiya ɗaya ta intanet, inda su ma za su iya gani daga Abuja, ita aka ɗora wa aikin saka manhajar a ofisoshi uku.

Na Jega ta gama kafin azahar. Na Aliero, inda shugaban ƙungiyar Alhaji Waliyyu yake zaune, ya ci mata wuni ɗaya. Saura Maiyama, ofishi mai ɗaki guda da kwamfuta guda da ma'aikaci guda, wato Malam Rabi'u, dattijon malamin gona da ya fi shekara ashirin yana zagaya ƙauyuka a kan babur.

Ta waya suka fara. Ta tura masa manhajar, ta yi masa bayani dalla-dalla, ya ce to. Bayan kwana biyu ta kira, ya ce ta ƙi. Ta sake turawa, ya ce babu sabis. Mako ya zagayo, ya ce sola ba ta ɗauki caji ba. Da ta ce ya karanta mata abin da kwamfutar ke rubutawa, sai ya ce gilashinsa yana gida.

Ran nan Alhaji Waliyyu ya biyo ta Jega, ya tsaya a bakin teburinta yana juya makullin mota.

"Har yanzu Maiyama?"

"Har yanzu, ranka ya daɗe."

"Ke kin yarda kwamfuta ce matsalar?" Ya rage murya. "Mutumin nan ya tsufa, ba ya zuwa gonakin da yake cewa ya je. A zaune yake rubuta rahoto. Ki tafi da kanki. In kin ga wani abu a ciki, ni za ki fara gaya wa."

Maganar ta zauna mata. Ita ma ta fara lissafa uzurorin Malam Rabi'u, ta ga sun yi yawa.

Ranar Talata ta shiga motar Maiyama daga tashar Jega. Ta same shi a ƙofar ofis yana goge babur. Ya tarbe ta da fara'a, ya kawo ruwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har ta ga gaisuwar ta fi ƙarfin gaisuwa. Da ta nufi tebur sai ya riga ta, ya tattara wani littafi mai baƙin bango ya saka a aljihun rigarsa.

Ta kunna kwamfutar, ta haɗa ta da intanet ɗin wayarta. Shafin ma'ajiyar ya ƙi buɗewa, ya ce bai amince da haɗin ba. Ta duba ƙasan allo, sai ta ga kwanan wata yana nuna Janairun 2009.

"Baba, wa ya taɓa agogon nan?"

"Ba kowa, ɗiyata. Kwanan ga ta fara, kullum anka kashe ta haka taka komawa."

Ta gyara kwanan watan, ta kashe, ta zare wayar wuta, ta sake kunnawa. Ya koma 2009. Ashe ɗan batirin da ke riƙe agogo a ciki ne ya mutu. Wannan kam ba laifinsa ba ne, ta ɗan ji kunyar zargin da ta zo da shi. Ta sake gyarawa, shafin ya buɗe, ta sauko da manhajar.

Manhajar ta fara shiga, ta kai rabi, ta tsaya. Saƙo ya fito cewa akwai irinta a kwamfutar, sai an cire waccan tukuna. Zinatu ta duba jerin manhajojin da ke ciki, babu ita. Ta sake gwadawa, saƙon bai canja ba. Sai ta buɗe ɓoyayyun folda-folda, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Can ta ga ragowar: saituna, da ɗan fayil ɗin da manhajar ke rubuta ayyukanta. An taɓa saka ta, ta yi aiki, sannan wani ya goge ta da hannu ba ta hanyar da ta dace ba, ya bar saiwoyinta.

Ta juyo. Malam Rabi'u yana zaune a kan benci, ya zuba mata ido.

"Baba, manhajar nan ta taɓa shiga kwamfutar nan."

Ta matso kusa da bencin.

"Ta shiga tun ranar da na fara turo maka. Wa ya cire ta?"

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Ni nis sa anka cire ta. Na kai wa wani mai gyara can Jega Sabon Gari."

"Kuma ka bar ni ina ta kira mako uku?"

"Kahin in ba ki amsa, ke ma ki ba ni. Wa ya aiko ki? Aikin ne, ko Alhaji?"

Tambayar ta same ta ba shiri. Ta ce, "Duka biyu." Ya gyaɗa kai kamar abin da yake jira ke nan.

Sai da ya tashi ya leƙa waje, ya dawo ya tura ƙofa, sannan ya yi magana. Ya ce irin albasar da ƙungiya ta raba bana, a ƙauyen Giwa Tazo bai yi ba. Manoma arba'in da bakwai suka karɓa, suka yafa a fangali, wato komin rainon dashe, na mutum arba'in da ɗaya ko dai bai tsiro ba, ko ya tsiro ya kwanta. Ya zagaya gona-gona ya ɗauki hotuna, ya rubuta rahoto. A ranar da manhajar ta shiga, ya ga alamar tana juyawa, komai ya tafi. Ya ji daɗi, ya ce yanzu Abuja za su gani.

"Wanshekare na buɗe rahotona, na ishe arba'in da ɗaya ta koma huɗu. Na gyara. Bayan la'asar ta koma huɗu. Na nemi hotuna, babu ko ɗaya. Ina zaune nan, ba wanda ya shigo ɗakin ga. Sai nic ce abin ga anka kawo don a cinye min aiki, a ce ban yi ba."

Zinatu ta san manhaja ba ta canja lamba da kanta. Abin da aka gyara a wuri ɗaya shi ke gyaruwa ko'ina, abin da aka goge a can ya gogu a nan. Idan gaskiya ya faɗa, to akwai hannun mutum. Amma mutumin da ya yi mata ƙarya mako uku yana iya ƙara wata. Wataƙila ma bai je gonakin ba, ya ƙirƙiri labarin don ya rufe kansa.

"Ina hotunan suke a wayarka?"

"Na goge su da na zuba a kwamfuta. Wayar ba ta da wuri."

Amsar ba ta yi mata daɗi ba. Ta shiga ma'ajiyar ta intanet da sunanta, tunda ita ce mai kula da ita, ta buɗe foldar Maiyama. Rahoto ɗaya ne a ciki, yana cewa huɗu. Ta danna tarihin fayil ɗin. Sau huɗu aka adana shi. Na farko da na uku daga Maiyama, arba'in da ɗaya. Na biyu da na huɗu daga asusun ofishin Aliero. Ta buɗe kwandon shara na ma'ajiyar, inda abin da aka goge ke zama kwana talatin kafin ya ɓace. Hotuna ɗari da sittin da biyu suna nan, saura kwana tara.

Asusun Aliero ɗaya ne, ita ta buɗe shi, ita ta rubuta kalmar sirrin a takarda ta miƙa wa Alhaji Waliyyu, shi kuma a gabanta ya manna takardar a jikin bango. Mutum biyar ke shiga ɗakin nan. Ita ma ta san kalmar.

"Kin ga wani abu?" in ji Malam Rabi'u.

"Na ga hotunanka. Amma hoto ba ya faɗin gonar wa ce. Ka kai ni in gani."

Bai ji haushi ba. Ya kira wani ɗan'uwansa mai ƙaramar mota, suka nufi Giwa Tazo rana tana tsaka. Gero an riga an yanke, dawa ta sunkuya da nauyi a gefen hanya. A bakin fadama suka tarar da wani manomi, Ɗanlami, yana juya ƙasar fangalinsa da fartanya. Ya nuna musu layi goma sha biyu, tsiron da ke ciki bai fi a ƙirga da yatsu ba. Kusa da su akwai layi biyu kore shar.

"Wanga irin gida ne, na surukina," in ji Ɗanlami. "Rana ɗaya munka yafa su, ruwa ɗaya munka ba su. Kun zo da wani iri ne, ko kun zo ku sake ɗaukar hoto?"

Malam Rabi'u ya zaro littafin nan mai baƙin bango ya ba ta. Sunan kowane manomi yana ciki, da ranar da aka je, da abin da aka gani. Ta zaɓi suna shida da kanta, ba ta bar shi ya zaɓa ba. Suka bi su a ƙafa. Gonakin mutum biyar sun lalace, ɗaya ya yi daidai, kuma haka littafin ya ce.

Da suka koma ofis ta zauna ta share ragowar tsohuwar manhajar tas, ta sake kunna kwamfutar, ta gyara agogo karo na uku. Wannan karon manhajar ta shiga ba gardama. Ta dawo da hotunan daga kwandon shara, ta dawo da rahoton farko. Kafin ta bari su fara sauka a kwamfutocin ofisoshin, ta rufe asusun ofis-ofis gaba ɗaya, ta buɗe wa kowane ma'aikaci nasa da sunansa, ta kuma saita foldar Maiyama yadda kowa zai iya karantawa amma Malam Rabi'u kaɗai zai iya gyarawa. Ta kwafa masa komai a filash.

"In aka kashe ta, ka fara gyara kwanan wata kafin komai, har in kawo batiri."

Ya juya filash ɗin a hannunsa. "Ke kuma kina iya gogewa?"

"Ina iyawa. Amma sunana zai fito."

Ya saka shi cikin aljihu.

Tana cikin motar Jega wayar Alhaji Waliyyu ta shigo. Ya ce ofishin Aliero sun kasa shiga. Ta ce ta tura wa kowa sabon asusu. Ya tambayi Maiyama, ta ce manhajar ta shiga.

"Na ce in kin ga wani abu ni za ki fara gaya wa."

"Ga shi ina gaya maka, ranka ya daɗe. An canja rahoton Giwa Tazo daga asusun Aliero, an goge hotuna. Na mayar da su."

Ya ce, "Wa ya yi?" Ta ce ba ta sani ba, asusun na kowa ne. Ya ce lallai sai an bincika, ya gode mata, ya kashe. Ta yi ta juya muryarsa a ranta har Jega, ba ta iya rabe mamaki ne ta ji a ciki ko wani abu dabam.

Kwana goma bayan haka mutum biyu suka zo daga Abuja, suka je Giwa Tazo, suka ɗebi ragowar irin don gwaji. An kawo wa manoma dashe daga Aliero, amma lokaci ya ja, da yawa sun riga sun nemi irin gida a tsakaninsu. A taron ma'aikata Alhaji Waliyyu ya yaba wa Malam Rabi'u, ya ce kuskuren shigar da lamba ne aka samu a ofishinsa kuma an ja kunnen wanda ya yi. Bai faɗi suna ba, kuma Zinatu ta dubi fuskokin mutum huɗun da ke aiki tare da shi, ba ta ga wanda ya yi kama da an ja wa kunne ba.

A ƙarshen watan aka kawo wani ɗan kwangila daga Birnin Kebbi, aka ce shi zai riƙa kula da ma'ajiyar don a rage mata nauyi. Ta miƙa masa komai a rubuce. Ta koma shigar da rahotanni a teburinta na Jega, kuma kowace Alhamis kafin ta tashi takan buɗe foldar Maiyama ta ƙirga hotunan.