Rufin Ciyawa a Abuja

Zakiyyu yana sayar da zoɓo da kunun aya a kusa da tashar mota ta Daura. Da ya tashi faɗaɗa shagon, mahaifinsa Malam Sada, tsohon mai yin jinka a Sandamu, ya aiko cewa zai zo ya rufa masa rumfar da ciyawa. Zakiyyu ya ce a gaya wa Baba ya huta, kwano zai sa. Tun ranar tsohon bai ƙara tambayar shagon ba. Shekara huɗu ke nan ba wanda ya kira Malam Sada aikin jinka.

Abin da Zakiyyu yake so, a waya ya gan shi: wuraren shan lemo da ake kira tiki, masu kwaikwayon tsibiran teku. Ya ji akwai ɗaya a Abuja, ya hau mota ya tafi.

Ya isa da la'asar. A ƙofa akwai gumakan katako biyu masu manyan haƙora. Ya wuce su, ya san ba za su je Daura ba. Sau biyu yana jaddada wa masu wurin cewa ba ya shan giya. Aka kawo masa lemo a cikin abarba da aka rarake, da 'yar laima ta takarda a kai.

Yana sha ya ɗaga kai. Rufin na ciyawa ne, kuma a ƙarƙashinsa an jera bokiti uku suna tarar ruwan da aka yi da safe.

Manajan wurin, wani Bakano mai suna Yazid, ya ce karo na uku ke nan suna sake rufin. Mutane kuwa saboda shi suke zuwa, a ƙarƙashinsa suke ɗaukar hoto. Shi ma Yazid bai taɓa ganin teku ba.

Zakiyyu ya ce ai daga sama aka fara jerawa, dole ya yi yoyo. Daga ƙasa ake farawa, kowane layi ya rufe kan na ƙarƙashinsa, kuma sai an yanta ciyawar, wato an saƙa ta da igiya, tukuna.

"A ina ka koya, Malam?"

"A gida."

Washegari a hanyar dawowa bai ƙarasa Daura ba, ya sauka a Sandamu. Ya tarar da tsohon a zaure yana tufka igiya. Ya durƙusa ya gaishe shi, aka yi gajiyar hanya.

"Baba, maganar rumfar nan ce."

Malam Sada bai ɗago ba. Ya tambaya ko kwanon ne ya yi tsada. Zakiyyu ya ce a'a, fasawa ya yi. Tsohon ya ƙarasa igiyar, ya ƙulle bakinta, sannan ya tambayi taku nawa ce rumfar. Zakiyyu bai sani ba, da fallen kwano ya auna ta.

"Gobe zan zo in auna da ƙafata," in ji tsohon. "Kada ka sayi ciyawa. Ba ka san mai kyau ba."